Ƙaura daga SQL Server 2008 R2 zuwa 2022 da fayil ɗin .bak: shi ke nan ko da saura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sarin magunguna. Manhajar da muke lissafin kaya da kuɗi da ita tana kan SQL Server 2008 R2, rumbun bayanai uku ne, babban cikinsu ya kai gigabayit 80. Mun sayi sabuwar saba, an ɗora mata SQL Server 2022. In na ɗauki kwafin ajiya a tsohuwar na zuba shi a sabuwar, aiki ya ƙare? Kuma in abu ya ƙi, zan iya komawa tsohuwar?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta farko amsarta rabi da rabi ce. Fayil ɗin .bak, wato kwafin ajiyar rumbun, da aka ɗauka a 2008 R2 zai hau kan 2022 kai tsaye, ba sai ka yada zango a wata siga ta tsakiya ba. Wanda ke buƙatar zango shi ne mai ɗauke da kwafin SQL Server 2000, domin tun daga 2012 aka daina karɓarsa. Amma hawan fayil ɗin ba ƙarshen aiki ba ne, shi ne ma ɓangaren da ya fi sauƙi. Tambayarka ta biyu kuwa amsarta a'a ce, in dai ta hanyar kwafin ajiya kake nufi, kuma da ita zan fara domin a kanta za ka gina duk shirinka.

Kowace sigar SQL Server tana da lambar tsarin fayil da take rubutawa a cikin rumbun. Ta 2008 R2 ita ce 661, ta 2012 706, ta 2016 852, ta 2019 904, ta 2022 kuma 957. Lokacin da ka dawo da rumbun a sabuwar saba, za ka ga layuka suna gudu a tagar saƙonni, ana ɗaga shi mataki-mataki daga 661 har 957. Da zarar wannan ya kammala, tsohuwar saba ba za ta ƙara gane rumbun ba. In ka ɗauki kwafinsa ka kai mata, kuskure mai lamba 3169 za ta ba ka, ta ce sigar da aka yi kwafin da ita ba ta dace da ita ba. Cire fayilolin rumbun kansu, .mdf da .ldf, a manna su can ma ba ya aiki. Mutane da yawa suna zaton in sun bar matakin daidaito, wato compatibility level, a 100, rumbun yana nan a matsayin na 2008. Ba haka ba ne. Wannan mataki yana shafar yadda injin ke fassara umarni da yadda yake zaɓar hanyar aiwatar da shi ne kawai, bai taɓa tsarin fayil ba. Don haka hanyar komawarka guda ɗaya ce: tsohuwar saba da ka bari lafiya lau ba ka taɓa ba. Kuma wannan hanya tana da kyau ne kawai har zuwa lokacin da aka rubuta rasit na farko a sabuwar. Bayan nan, duk komawa tana nufin ko asarar abin da aka shigar, ko kwashe shi da hannu.

Ƙaurar kanta ta zama dole, kun yi daidai. Microsoft ta rufe tallafin 2008 R2 tun ranar 9 ga Yuli, 2019, ita kuwa 2022 tana da tallafi har Janairun 2033.

Kafin ka ɗauki kwafin komai, ka tsaya a kan sabuwar sabar ka rubuta SELECT @@VERSION, ka karanta layin har ƙarshe, ka ga wane bugu aka ɗora maka. Na nace a kan wannan ne saboda sau da yawa mai sayar da na'ura ne ke ɗorawa, shi kuma abin da ya samu a hannu yake sawa. In Express ne, iyakarsa gigabayit 10 ga kowane rumbu, naka mai 80 ba zai shiga ba, kuma ba shi da SQL Server Agent, mai gudanar da ayyukan da aka sa wa lokaci. In Evaluation ne, kwana 180 yake yi ya tsaya, kuma ranar da zai tsaya ba ya neman shawarar kowa. In Developer ne, yana da komai kuma kyauta ne, amma lasisinsa bai halatta gudanar da kasuwanci a kansa ba, na gwaji ne. Abin da kuke buƙata shi ne Standard mai lasisi. Ka kuma kira kamfanin da ya rubuta manhajarku, su gaya maka a rubuce cewa sigar da kuke amfani da ita tana aiki da 2022.

A tsohuwar sabar, abu biyu nake so ka yi. Na farko DBCC CHECKDB, umarnin da ke binciken lafiyar rumbu, a kan kowane rumbu, da daddare lokacin da babu aiki. Kwafin ajiya yana kwashe shafukan bayanai yadda ya same su, mai lafiya da mai rauni. In akwai ɓarna a ciki, da ita za ka ƙaura, kuma wani lokaci ita ce ke sa ɗaga sigar ya tsaya a tsakiya. Na biyu, ka duba sys.databases ka ga matakin daidaito na kowane rumbu. In ka ga 100, da sauƙi. In ka ga 80 ko 90, ka buɗe ido. Rumbu da yawa da ke zaune kan 2008 R2 asalinsu daga SQL Server 2000 aka kwaso su, an bar su a 80 shekara da shekaru. Ita 2022 mafi ƙarancin matakin da ta sani shi ne 100, don haka za ta ɗaga shi da kanta ba tare da ta tambaye ka ba. A nan tsofaffin salon rubutu suke mutuwa: haɗa tebur biyu da alamar *= ko =*, da COMPUTE BY, da tsohon RAISERROR marar baka, biyun ƙarshen ma ko da rumbun yana kan 100 ba sa aiki a 2022. Dawo da rumbun zai tafi sumul, babu ko gargaɗi, sai ranar da akawu ya danna wani rahoto da ba a buɗewa sai ƙarshen wata sannan kuskuren ya fito. Ka bincika sys.sql_modules da waɗannan alamomi, amma ka sani abin da aka rubuta a cikin manhajar kanta ba zai fito a nan ba, sai gwaji ya tona shi.

Ga yadda nake ɗaukar kwafin gwaji:

BACKUP DATABASE Kaya
TO DISK = N'E:\Kaura\Kaya_gwaji.bak'
WITH COPY_ONLY, CHECKSUM, COMPRESSION, STATS = 5;

COPY_ONLY yana hana wannan kwafi ya dagula jerin kwafin da kuke ɗauka kullum. CHECKSUM yana sa a duba shafuka ana karanta su, a kuma rufe fayil ɗin da hatimin da za a iya tantancewa daga baya. COMPRESSION, wato matse fayil, kuwa yana nan a bugun Standard tun daga 2008 R2, kuma yakan rage girmansa sosai. Wurin ɗaukar fayil daga wannan na'ura zuwa waccan ake yawan samun matsala marar dalili. Filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4. In ta netwok ne, ka yi amfani da robocopy tare da /Z, domin in an ɗauke wuta kafin janareta ya ɗauka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bayan ya isa, ka gudanar da Get-FileHash a PowerShell a ɓangarorin biyu, ka kwatanta lambobin da idonka. RESTORE VERIFYONLY yana da amfani, amma iyakar abin da yake faɗa shi ne fayil ɗin cikakke ne kuma yana karantuwa. Shaidar da na yarda da ita ita ce a dawo da rumbun a yi masa CHECKDB.

A sabuwar saba ka fara da RESTORE FILELISTONLY. Zai nuna maka sunayen fayilolin da ke ciki, da inda suke zaune a tsohuwar na'ura, da girmansu. Ka lura da girman nan da kyau. Fayil ɗin .bak zai iya zama gigabayit 20, amma SQL Server zai ƙirƙiri fayilolin da cikakken girmansu na asali, har da sararin da babu komai a ciki. In fayil ɗin log, inda ake rubuta tarihin kowace ma'amala, ya kumbura ya kai gigabayit 150 saboda an daɗe ba a ɗaukar kwafinsa, to 150 ɗin zai nema a sabon faifai, kuma sai ya cika shi da sifili kafin ya ci gaba. Wannan ne ke sa mutum ya zauna yana kallon allo, kaso bai motsa daga sifili ba. In ka ga haka, ka gyara girman log ɗin a tsohuwar saba kafin ƙaura. Fayilolin bayanai kuwa ana iya tsallake musu wannan jira in aka ba asusun da injin ke gudana da shi izinin Perform volume maintenance tasks. Akwai akwatin da ake dannawa domin haka tun lokacin ɗora manhajar.

RESTORE DATABASE Kaya
FROM DISK = N'F:\Kaura\Kaya_gwaji.bak'
WITH MOVE N'Kaya_Data' TO N'D:\Data\Kaya.mdf',
MOVE N'Kaya_Log' TO N'L:\Log\Kaya.ldf',
CHECKSUM, RECOVERY, STATS = 5;

Sunayen da ke bayan MOVE daga FILELISTONLY za ka kwafo su, kada ka yi ƙiyasi. Hanyar fayil kuma ta sabar ce, ba ta kwamfutar da kake zaune a gabanta da SSMS, manhajar sarrafa SQL Server, ba. In ka ga Operating system error 5, ba izininka ake magana ba, asusun da SQL Server ke gudana da shi ne ba a ba shi damar karanta wurin ba. Kada ka riga ka ƙirƙiri rumbu fanko mai suna iri ɗaya, babu buƙata, kuskure 3154 kawai zai jawo maka.

Yanzu ga inda aikin yake. Abin kamar tashi daga shago ne: haja duk ta shiga mota, amma makullai da mai gadi da adireshin da abokan ciniki suka sani suna tsohon wuri. Fayil ɗin .bak na rumbunka yana ɗauke da tebura, da bayanai, da fihirisa, da umarnin da aka adana a ciki, da masu amfani na cikin rumbun da izininsu. Duk abin da ya shafi sabar gaba ɗaya yana cikin rumbunan sabar kanta, master da msdb, su kuma ba a dawo da kwafinsu daga tsohuwar siga zuwa sabuwa. SQL Server ba zai yarda ba. Sai dai a fitar da abin da ke cikinsu a rubuce a sake ginawa.

Wanda ya fi cizo shi ne asusun shiga. A SQL Server abu biyu ne: akwai login a matakin saba, yana zaune a master, akwai user a cikin rumbu. Ba suna ne ya haɗa su ba, wata doguwar lamba ce da ake kira SID. Ka ɗauka manhajarku tana shiga da asusu mai suna kaya_app. Ka dawo da rumbun, ka buɗe Security a ƙarƙashinsa, ga kaya_app nan zaune da duk izininsa. Ka je matakin saba ka ƙirƙiri login mai suna kaya_app da kalmar sirrin da aka saba. A ido komai ya yi daidai. Ka buɗe manhaja, ta ce ba za ta iya buɗe rumbun ba. Dalili shi ne sabon login ya samu sabuwar SID, na cikin rumbu kuma yana riƙe da tsohuwa, ya zama maraya. Gyaran layi ɗaya ne a cikin rumbun:

ALTER USER kaya_app WITH LOGIN = kaya_app;

Amma ni ban son wannan a matsayin tsari, domin duk lokacin da ka sake dawo da kwafi daga tsohuwar saba sai ka sake yi, har da daren ƙaura lokacin da ido ya yi nauyi. Abin da ya fi shi ne ka ƙirƙiri asusun a sabuwar saba da tsohuwar SID ɗinsa da kalmar sirrinsa a dunƙule yadda take. Microsoft ta wallafa rubutun sp_help_revlogin domin wannan: ka gudanar da shi a tsohuwar, ya fitar maka da umarnin CREATE LOGIN na kowane asusu, ka kai sabuwar. Wanda ya saba da PowerShell, Copy-DbaLogin na dbatools yana yin haka a layi ɗaya. Ribar ita ce ba sai ka bi ma'aikata kana tambayar kalmar sirrinsu ba, kuma wadda aka binne a cikin manhaja tun zamanin wanda ya bar aiki za ta ci gaba da aiki. Ka karanta abin da ya fito kafin ka gudanar: ka cire asusun tsohuwar na'ura da na mutanen da suka tafi, ka duba wa ke da sysadmin kuma me ya sa. Asusun Windows na domain ba su da wannan matsala, SID ɗinsu daga Active Directory take. Na Windows da aka ƙirƙira a kan tsohuwar na'ura kaɗai kuwa ba za su bi ka ba. Ƙaramin abu kuma da ke cin awa guda a banza: in an ɗora sabuwar saba a kan shigar Windows kaɗai, duk asusun SQL zai sha kuskure 18456 har sai an mayar da ita mai karɓar iri biyu an sake kunna injin.

Bayan asusu sai ayyukan SQL Server Agent da ke msdb. Su ne ke aiki da dare babu mai ganinsu: ɗaukar kwafin ajiya, gyaran fihirisa, wataƙila rufe lissafin rana ko fitar da jerin magungunan da wa'adinsu ya kusa. In ba ka kwashe su ba babu abin da zai yi ƙara, shiru kawai za ka ji, kuma mafi munin shirun shi ne na kwafin ajiya. Ka fitar da su a rubuce daga SSMS, ka gyara hanyoyin fayil da sunan saba a ciki, ka ƙirƙire su a kashe, sai daren ƙaura ka kunna. Haka za ka bi linked servers, wato haɗin wannan saba da wasu sabobi, da Database Mail, da saitin sp_configure. Kalmar sirrin linked server ba ta fitowa a rubutun, sai ka nemo ta. Ka leƙa Task Scheduler na Windows ɗin tsohuwar na'ura ma, ana yawan ɓoye aiki a can.

In an rufe wani rumbu da TDE, wato an ɓoye abin da ke cikin fayilolinsa da makulli, ba zai ma fara dawowa ba sai ka fitar da satifiket ɗinsa da makullinsa na sirri daga tsohuwar master ka ƙirƙire su a sabuwar. Kuskure 33111 ke nuna haka. A 2008 R2 bugun Standard ba shi da TDE, don haka da wuya ya shafe ka. Wanda zai iya shafarka shi ne database master key, in manhaja tana rufe wasu ginshiƙai: sai ka buɗe shi da kalmar sirrinsa sau ɗaya a sabuwar saba, ka sa a sake rufe shi da makullin sabar. Ka nemo wannan kalma tun yanzu tsohuwar tana da rai. Sannan dawowa tana sauya wasu abubuwa a shiru: TRUSTWORTHY yana komawa a kashe, Service Broker ma haka, mai rumbun kuma ya zama asusun wanda ya dawo da shi. Ka mayar da mallakar ga asusun da ba zai tafi da tafiyar ma'aikaci ba, da ALTER AUTHORIZATION.

Akwai kuma ƙa'idar jera haruffa, collation. Rumbunka zai zo da tasa, amma tempdb, rumbun teburan wucin gadi, tana bin ta sabuwar saba, wadda ake zaɓa lokacin ɗorawa gwargwadon yankin da aka saita Windows. In tsohuwar SQL_Latin1_General_CP1_CI_AS ce sabuwar kuma Latin1_General_CI_AS, duk umarnin da ke kwatanta rubutu tsakanin tebur na wucin gadi da na rumbu zai iya faɗuwa da kuskure 468. Ka kwatanta SERVERPROPERTY('Collation') a duka biyu yau. In sun bambanta, sake ɗora sabuwar tun tana fanko ya fi komai sauƙi. Tunda muna nan, bari in faɗi abin da ya shafe mu kai tsaye. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin rukunin haruffa na 1252 da waɗannan ƙa'idoji ke amfani da shi, don haka ginshiƙin varchar ba ya iya riƙe su. In sunayen abokan ciniki irin su Ɗanladi sun riga sun lalace a tsohon rumbu, ƙaura ba za ta gyara su ba, yadda suke haka za su iso. Daga 2019 an samu ƙa'idoji masu UTF-8 da ke ba varchar damar riƙe su, kuma nvarchar dama yana iyawa. Amma wannan gyara aiki ne daban, da hannun masu manhaja, bayan ƙura ta lafa. Kada ka haɗa shi da ƙaura.

Sai kwamfutocin ma'aikata. Kowace tana da inda aka rubuta mata sunan tsohuwar saba: fayil ɗin saiti, ko ODBC, ko wani Excel da manaja ke jawo rahoto da shi. Ka buɗe ƙofa 1433 a katangar sabuwar, in kuma instance mai suna ne, har da UDP 1434. SQL Server 2022 ba ya zuwa da tsohon direban haɗi mai suna Native Client, don haka abin da ke kan sabar da ya dogara da shi sai an koma MSOLEDBSQL ko sabon direban ODBC. Shi kuma ODBC 18 da OLE DB 19 suna neman rufaffiyar hanya tun daga farko, in sabar ba ta da satifiket ɗin da suka amince da shi sai su ƙi haɗuwa. A ɗaya gefen, tsohon direban da bai san ƙa'idar rufe hanya ta TLS 1.2 ba zai kasa in an kashe TLS 1.0 a sabuwar Windows. Hanyar ganewa ita ce ka ɗauki kwamfutar da ta fi kowace tsufa a ofis, ta kantar sayarwa ko ta sito, ka gwada da ita. In ka samu dama, ka sa wa sabar laƙabi a DNS ka nuna wa kowa shi, ƙaura ta gaba sauya layi ɗaya ce.

Game da sauri: kada ka ɗauka sabuwar na'ura tana nufin komai zai yi gudu. Bayan dawowa ka yi CHECKDB, ka sabunta ƙididdigar tebura gaba ɗaya, ka tabbata PAGE_VERIFY yana kan CHECKSUM, ka sa wa max server memory iyaka domin Windows ta samu abin numfashi. Matakin daidaito kuwa shawarata ka bar shi a 100 a ranar ƙaura. Tun daga 2014, a mataki 120, aka sauya yadda injin ke ƙiyasta yawan layukan da umarni zai dawo da su. Yawancin umarni sun amfana ko ba su ji komai ba, amma akwai 'yan kaɗan da ke komawa daga daƙiƙa biyu zuwa mintuna, kuma ba a sanin su sai an gani. Ka kunna Query Store, mai ajiye tarihin saurin kowane umarni, da hannunka, domin rumbun da aka kwaso daga tsohuwar siga ba ya zuwa da shi a kunne. Ka bar shi ya tara tarihi har ya haɗa da rufe lissafin wata guda, sannan ka ɗaga matakin zuwa 160, na 2022. Wanda ya lalace zai fito a rahoton Regressed Queries, ka tilasta masa tsohon tsarinsa. In sun yi yawa, akwai LEGACY_CARDINALITY_ESTIMATION da ke mayar da tsohon ƙiyasi kaɗai. Wannan mataki, saɓanin tsarin fayil, ana hawa ana sauka a cikin daƙiƙa, shi ya sa babu dalilin gaggawa.

Duk abin da na lissafa a gwaji za ka fara yin sa, gani ya kori ji. Ka dawo da rumbunan uku, ka zaunar da akawu da mai sito da mai kanta a kan kwafin, su yi aikin yini: shigar da kaya, fitar da rasit, buga shi a firinta, rahoton wata da na shekara. Ka rubuta kowane umarni da ka gudanar a fayil guda bi da bi, da tsawon lokacin da ya ci. Wannan fayil shi za ka bi a daren ƙaura, ba ƙwaƙwalwarka ba.

Daren kansa ba ya buƙatar dogon rufewa. Kwana ɗaya kafin nan ka ɗauki cikakken kwafi, wannan karon babu COPY_ONLY, domin kwafin bambanci, mai ɗauke da abin da ya sauya kaɗai bayan cikakken kwafi, ba ya ginuwa a kan mai COPY_ONLY. Ka dawo da shi a sabuwar WITH NORECOVERY, rumbun zai zauna yana nuna Restoring, yana jiran saura. STANDBY ba ya aiki a nan tunda akwai ɗaga siga. Ka kula kada aikin dare na tsohuwar saba ya ɗauki wani cikakken kwafi a tsakani, zai sauya tushen da bambancin ke dogara da shi. In lokaci ya yi, a rufe manhaja, ka kashe ayyukan Agent, ka fitar da kowa, ka ɗauki kwafin bambanci ka zuba shi, shi ma NORECOVERY. In rumbun yana kan tsarin farfaɗowa na FULL, ka rufe da wutsiyar log, wato kwafin log na ƙarshe:

BACKUP LOG Kaya
TO DISK = N'E:\Kaura\Kaya_wutsiya.trn'
WITH NORECOVERY, CHECKSUM;

Ina son wannan umarni saboda aiki biyu yake yi. Yana kwashe ma'amala ta ƙarshe, kuma yana kulle tsohon rumbu yadda babu kwamfutar da aka manta da ita da za ta ci gaba da rubutu a can washegari. Rabuwar bayanai gida biyu, rabi a tsohuwa rabi a sabuwa, ta fi kowace matsala da na ambata wahalar gyara. In akwai wasu kwafin log da aka ɗauka bayan na bambancin, dukkansu za ka zuba bi da bi kafin wutsiyar. In rumbun yana kan SIMPLE babu wutsiya, sai ka mayar da shi READ_ONLY kafin kwafin ƙarshe, ka sauke shi OFFLINE bayansa. Ka tuna duk halin da ka sa shi kafin kwafi, READ_ONLY ko SINGLE_USER, da shi zai farka a can, sai ka warware. Rumbunan uku a tare za ka yanke su, tunda wataƙila suna leƙa juna.

Sai ka zuba na ƙarshe WITH RECOVERY, ka kalli lambobin suna hawa zuwa 957. Ka kwatanta adadin layukan manyan tebura, da lambar rasit na ƙarshe, da jimillar cinikin ranar da abin da akawu ya rubuta kafin rufewa. A wannan gaɓa komawa kyauta ce: RESTORE DATABASE Kaya WITH RECOVERY a tsohuwar saba, ta farka yadda aka bar ta, in kuma SIMPLE ne sai ka mayar da rumbun ONLINE ka cire READ_ONLY. Don haka kafin a buɗe wa ma'aikata, kai da mai kamfani ku tsaya ku yanke shawara a fili, kuma ku riga ku amince da ƙarfe nawa ne za a fasa in gwaji bai yi ba. In an buɗe an yi kwana biyu sannan aka ce a koma, sai dai a fitar da sababbin layuka da bcp ko makamancinsa a shigar tebur bayan tebur, aiki ne mai cin rai da saurin kuskure.

Kafin ka tafi gida a daren, ka ɗauki cikakken kwafi a sabuwar saba, ka kunna ayyukan Agent, ka ga na log ya gudana sau ɗaya da idonka. Fayilolin ƙaura kuma kada a bar su a filashi cikin aljihun tebur. SQL Server 2008 R2 ba ya rufe kwafin ajiya, sai daga 2014 aka samu haka, don haka duk wanda ya tsinci fayil ɗin ya samu sunaye da lambobin waya da basussukan abokan cinikinku, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare su. Ka ajiye kwafi ɗaya na ƙarshe a faifan da aka kulle da BitLocker, ka goge sauran. Tsohuwar saba ka bar ta da rumbunanta a kulle, ka cire ta daga netwok bayan mako guda, amma kada a goge ta sai an rufe lissafin wata a sabuwar, akawu ya sa hannu cewa alƙaluma sun yi daidai.